Karafan Abu Saif a Hanyar Al Qudra

Sati uku ke nan da aka yi wa Malam Dikko aikin ido a Dubai, aka cire masa yanar da ta rufe idonsa na dama, kuma tun daga ranar ba shi da aiki sai zaman bakin taga. Gidan 'yarsa Wasila yana hawa na uku a International City, ɗaki biyu da falo. Da an idar da sallar asuba sai ya jawo kujera, ya sa baƙin tabarau ɗin da likita ya ba shi, ya yi ta kallon bas da tasi suna ɗibar mutane zuwa babbar kasuwar 'yan Sin. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, yanzu ko buta ya ɗauka sai matarsa Mero ta tuna masa likita ya hana ɗaukar nauyi.

Wasila ta san ubanta. Idon ya warke, har lambar mota yake karantawa daga sama. Zaman banza ne ke cin sa, ga kuma kunya. Mijinta Izzuddeen injiniyan sanyi ne, yana gyaran manyan ɗakunan ajiyar kaya a Al Quoz. Shekararsu huɗu da aure, amma in aka tara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsa da surukinsa ba za ta wuce gaisuwa ba. Da safe zai durƙusa daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, Malam Dikko ya amsa yana kallon titi. In akwai abin faɗa, sai tsohon ya bi ta kan Wasila, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya ce ta gaya wa maigidanta tayar bayansa ta hagu ta yi ƙasa, ita kuma ta juya ta maimaita wa mutumin da ke tsaye taku biyu daga wurin, wanda ya riga ya ji.

Ana saura kwana biyu hutun ranar ƙasa, a ƙarshen Nuwambar 2018, Izzuddeen ya dawo gida da fara'a. Ubangidansa a wurin aiki, wani Balarabe da ake kira Abu Saif, yana da karafan, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota a fita da shi sahara lokacin sanyi. Firjin ciki ya shekara a mace, Izzuddeen ya tayar masa da shi a wuni guda. Abu Saif ya ji daɗi, ya ce khalas, wato shi ke nan, Izzuddeen ya ɗauki karafan ɗin ya kai surukansa su sha iska kwana uku. Wasila ta tambaye shi ko ya taɓa jan wani abu da mota a rayuwarsa. Ya ce bai taɓa ba, amma ya kalli yadda ake yi a waya, kuma motarsa Patrol tana da ƙarfi. Ta dube shi, ta dubi ƙofar falo inda ubanta ke zaune.

Da hantsi ranar tafiya suka isa filin ajiye motoci a Al Quoz. Karafan ɗin ya fi yadda Wasila ta zata girma nesa ba kusa ba. Fari ne, tayoyinsa huɗu, tsawonsa ya kusa na ƙaramar bas. A ciki akwai gado, da kujeru masu zama gado, da banɗaki, da murhu mai kai uku, da firji, a gabansa kuma wani akwati mai ɗauke da tukwanen gas biyu. Mero ta shiga ta zagaya, ta buɗe kowace durowa, ta zauna a bakin gado ta gwada laushinsa, sannan ta sanar cewa ita a nan za ta yi tafiyar, su je su matsu a mota. Da ƙyar Wasila ta fahimtar da ita doka ta hana mutum zama a ciki ana ja. Ta fito tana mita, wai an yi gado an hana kwanciya.

Kayan da Mero ta haɗo kuwa sai ka ce ƙaura za a yi. Jarkokin ruwa shida, shinkafa, tukwane, tanda, ƙaramin turmi, robobin zoɓo da kunun aya, da nama da aka jiƙa da yaji tun jiya. Izzuddeen ya kwashe su duka ya jera a ƙarƙashin gado, can ƙarshen karafan ɗin, don nan ne ya fi fili. Malam Dikko bai shiga ba. Ya zagaya abin sau biyu hannunsa a baya, ya daddanna tayoyi da ƙafa, ya tsuguna wurin ƙugiyar da ta haɗa shi da mota ya ja sarƙoƙin. Ya sa Wasila ta tambaya ko an rufe gas, aka ce an rufe, a hanya firjin batirin mota yake sha. Can ya leƙa ta taga ya ce, "Uwata, ruwan nan a baya zai zauna?" Ita kuwa a lokacin tana waya da abokiyar aikinta ta ɗakin magani a kan wanda zai riƙe mata ranar Litinin. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da wayarta, maganar ta tsaya a nan.

Suka fita gari lafiya lau. Motoci duk sun sha ado da tutoci, wasu har gilashin baya. Wasila na gaba kusa da mijinta, iyayen na baya. Izzuddeen ya fara tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, amma da suka hau titin Al Qudra, gine-gine suka ƙare, rairayi ya buɗe hagu da dama, sai ya saki jiki. Ya ƙara wuta. Har ya fara nuna wa Wasila hanyar masu keke da ke bin gefen titi.

Wata doguwar motar siminti ce ta zo ta wuce su da gudu. Iskarta ta bugi karafan ɗin, Wasila ta ji kamar an kama gindin motar an ja shi gefe. Ta duba madubi ta ga farin bangon nan ya leƙo ta dama, ya ɓace, ya sake leƙowa ta hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Motar ta shiga rawa. Mero ta kama salati. Izzuddeen ya fara murza sitiyari yana bin rawar, ƙafarsa ta tashi za ta sauka a kan birki.

"Izzuddeen."

Wasila ba ta taɓa jin sunan nan daga bakin ubanta ba. Muryar a kwance take, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

"Kada ka taɓa birki. Ɗage ƙafarka daga totur, a hankali. Riƙe sitiyarin a miƙe, kada ka bi ta, ita za ta biyo ka. Haka. Riƙe dai."

Izzuddeen ya riƙe, gumi na bin wuyansa. Rawar ta ragu, ta sake raguwa, har bangon ya daina leƙowa a madubi. Sai a lokacin Malam Dikko ya ce ya sa sigina ya taɓa birkin kaɗan kaɗan ya gangara gefe. Motar ta tsaya. Mero ce ta fara magana, ta ce ashe da gaskiyar masu doka, da tana kan gadon nan da yanzu ita da turmi sun gauraya. Dariya ta kuɓuce wa Wasila, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har da hawaye.

Malam Dikko ya fita, ya buɗe ƙofar karafan ɗin ya shiga. Ya nuna jarkokin, kuma wannan karon bai nemi Wasila ba. Ya gaya wa surukinsa kai tsaye cewa duk abin da ake ja, in nauyinsa ya koma bayan taya, to wutsiya ce za ta riƙa tuƙa kai. Ruwa da shinkafa su dawo tsakiya, daidai saman tayoyi, a ɗan fifita gaba, a ɗaure su kada su yi yawo. Tabarmi da barguna su ne na baya. Wasila ta ce laifinta ne, Baba ya yi magana tun a Al Quoz ita ce ba ta isar ba. Uban ya ce ba laifinta ba ne, laifin mai aike ne da yana da baki. Izzuddeen ya yi ta jigilar jarkoki yana cewa to Baba, to Baba, kunnuwansa kamar za su kama da wuta don kunya.

Da za su tashi, Wasila ta buɗe ƙofar baya ta shige kusa da uwarta ba tare da ta tambayi kowa ba. Malam Dikko ya ɗan tsaya, sannan ya zauna a gaba, ya gyara madubin gefensa da kansa. Ya ce kada a wuce saba'in. Tafiyar ta zama wata daban, motar ta kwanta a titi kamar ba ta jan komai. Bayan kamar minti goma Izzuddeen ya yi ƙarfin hali, ba tare da ya juyo ba, ya tambaya ko irin wannan ta taɓa faruwa da Baba. Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Ya ba shi labarin ranar da aka yi masa lodin buhunan wake ba daidai ba a Dawanau, bodin ya yi ta rawa da shi a gangaren gadar Jebba har ya ga ruwan Kwara ta tagar da bai kamata ya gan shi ba. Daga nan ya wuce labarin Tegina, da na wani makanike a Ogbomosho da ke gane ciwon inji da kunne. Mero ta raɗa wa Wasila cewa ita ta ji labarin waken nan ya fi sau ɗari, kuma kullum buhunan ƙaruwa suke.

Wajen azahar suka isa tafkunan Al Qudra. Ruwa shimfiɗe a tsakiyar rairayi, tsuntsaye a bakinsa, iyalai sun kakkafa tantuna nesa nesa da juna. Malam Dikko ya zaɓi wani wuri mai ƙasa mai tauri tsakanin bishiyoyi biyu, amma sai an shiga da baya. Izzuddeen ya sa ribas, ya juya sitiyari dama, karafan ɗin ya tafi hagu. Ya gyara, ya tafi dama fiye da kima. Sau huɗu yana fita yana sakewa, matan na zaune a inuwa suna kallo, Mero na ba da nata umarnin da ba wanda ya nema. A na biyar Malam Dikko ya zo bakin taga ya ce ya sauke hannunsa ƙasan sitiyari, duk inda yake so gindin ya nufa, can zai kai hannun, kuma kaɗan kaɗan. Ya koma baya ya tsaya inda za a gan shi a madubi, yana kira da yatsu biyu. Karafan ɗin ya silale ya shige tsakanin bishiyoyin kamar da ma can aka gina shi.

Yanzu kuma aka zo fagen Izzuddeen. Ba wutar lantarki a wurin, don haka murhu da firji da abin dafa ruwan wanka duk gas za su sha. Ya buɗe akwatin gaba ya murɗa kan tukunya ɗaya, ya zagaya zai shiga ya kunna. Mero, da ke tsaye tana warware tabarma, ta ɗaga hanci ta ce ita fa tana jin wari. Izzuddeen ya sunsuna bai ji komai ba, Wasila ma haka. Mero ba ta tsaya musu ba. Ta ce a rufe, kada wanda ya ƙyasta ashana, ta kaɗa sabulun wanke-wanke a kofi ta miƙa wa Wasila ta ce ta ba mijinta ya shafa a mahaɗar tiyo. Ya shafa, ya sake buɗewa, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Robar da ke cikin mahaɗar ce ta tsage, wataƙila rawar hanya ce ta ƙarasa ta. Ya rufe, ya ɗauko sabuwa a akwatin kayan aikinsa ya canja, ya sake shafa sabulu, shiru. Ya ce wa Wasila a gaya wa Umma ya kamata kamfaninsu ya ɗauke ta aiki. Mero ta ce a gaya masa ita da tukunyar gas sun shekara goma sha biyar tare a Gwammaja, ta san numfashinta.

Murhu ya kama nan take, shuɗiyar wuta mai kyau. Firji ne Izzuddeen ya ce ba zai kunna ba sai karafan ɗin ya daidaita, kada ya karkata ko ta ina. Ya laluba aljihunsa ya ga ya baro ma'aunin duba karkata a wurin aiki. Malam Dikko ya ce a ba shi faranti. Ya zuba ruwa a ciki ya ajiye a tsakar ɗakin, ruwan ya taru gefen hagu. Aka sa katako a gaban tayoyin wannan gefe, Izzuddeen ya ja motar taku ɗaya suka hau, aka sauke ƙafafun ƙarfe na kusurwoyi huɗu, aka yi ta murɗa na gaba har ruwan ya kwanta daidai da bakin faranti ko ta ina.

Sannan Izzuddeen ya durƙusa gaban firjin, ya danna wani maɓalli ya riƙe, ya yi ta ƙyasta ɗayan har wata 'yar wuta ta bayyana a bayan ƙaramin gilashi, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Malam Dikko ya cire tabarau ya durƙusa kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, yana leƙe da sabon idonsa.

"Yanzu wannan wutar ce za ta yi mana ƙanƙara?"

"Ita ce, Baba."

"To yi mini bayani yadda zan gane. Ni na san wuta da dafa abu."

Izzuddeen ya ce wannan firjin ba shi da inji ko kaɗan, shi ya sa ba a jin ƙararsa. Akwai wani ruwan magani a rufe cikin bututu a bayansa. Wutar tana tafasa shi ya tashi sama ya zama tururi, ya huce ya koma ruwa, sannan ya gangaro cikin firjin ya sake bushewa, kuma wurin bushewar nan ne yake kwashe zafin abin da ke ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa in jikinta na tsattsafowa iska na busarwa. Da yake gangarowa yake da kansa, in firjin ya karkata sai ya taru wuri guda ya tsaya. Malam Dikko ya gyaɗa kai, ya ce ashe randa ce mai murhu. Ya yi tambaya ta biyu, da ta uku, har Wasila ta gaji da tsayuwa ta fita ta bar su a durƙushe. Mero dai ta ce ita ba ta yarda ba. Ta cika ƙaramin kofin silba da ruwa ta sa a can sama, ta ce gobe a nuna mata.

Aka yi dafa-duka a murhun nan, aka gasa nama a waje, aka ci a kan tabarma ana kallon tsuntsaye. Da magariba ta yi, Malam Dikko ya tura surukinsa gaba ya ja su salla, Izzuddeen ya so ya noƙe, tsohon ya riga ya ta da iƙama.

Da gari ya waye Mero ce ta fara zuwa wurin firjin, ko shayi ba ta ɗora ba. Ta fito da kofin, ta kifa shi a tafin hannunta, ta bubbuga gindinsa, dunƙulen ƙanƙara ya faɗo. Ta juya shi, ta lasa, ta leƙa 'yar wutar da har yanzu ke ci a bayan gilashi. Ta sa Wasila ta ɗauke ta bidiyo riƙe da ƙanƙarar a hannu ɗaya tana nuna wutar da ɗayan, a tura wa ƙanwarta a Kano, ta kuma ja kunne a faɗa a ciki cewa mijin Wasila ne ya gyara shi da hannunsa. Ranar ta yi musu masa a tanda, zoɓo kuwa har yana sa haƙori tsami don sanyi.

Suna cikin karyawa wata mota ta iso da nata karafan ɗin, ta tsaya can gaba kaɗan. Wani dattijon Balarabe ne da iyalinsa. Ya sa ribas, abin ya naɗe masa. Ya sake, ya kusa taɓa bishiya. Wasila ta ga ubanta ya ajiye masar da ke hannunsa, yana motsa yatsu a kan gwiwa. Bai jima ba ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce wa Izzuddeen ya zo ya yi masa tafinta. Ashe ba a ma buƙatar tafinta, yatsu biyu da shwaiya shwaiya, wato a hankali a hankali, sun wadatar. Kafin azahar ya shigar da karafan uku, don hutu ne, mutane sai isowa suke, kuma duk wanda ya ga yadda aka yi wa na gabansa sai ya sauke gilashi ya yi sallama.

Ya dawo da rairayi har gwiwa, Izzuddeen na biye da shi ɗauke da kwalin dabino da butar gahawa da aka ba su. Mero ta tare shi da faɗa, ta ce mutum da sabon ido ya je yana shan rana, in likita ya tambaya ita ba ruwanta. Ya ce likita nauyi ya hana shi ɗauka, kuma shi yau ko tsinke bai ɗaga ba. Ya zauna a inuwar karafan ɗin, ya miƙe ƙafafu, ya tambaya ko akwai sauran masa. Wasila ta kawo masa guda shida da kofin kunun aya mai raɓa a jiki. Ya cinye, ya miƙo farantin a ƙara.